Sawu a Kan Furen Sakura

A ranar da za a tone itatuwan sakura a fitar da su daga Yoshiwara ne zanen Suzunami ya ɓata.

Unguwar karuwai ta birnin Edo ba ta barci lokacin da mutanen kirki ke barci. Sai an raka baƙi ƙofa da asuba, sannan mata su koma su miƙe, titi ya yi tsit har rana ta ɗaga sosai. A wannan tsakanin ne wani ya shiga gidan shayin da ke tsakiyar babban titi, ya sauke zanen daga bango, ya fice abinsa. Mai shara ce ta fara ganin ƙusa tsirara. Kafin ta rufe baki daga ihu, matan da ko gobara ba ta tayar da su kafin azahar sun cika titi, kowacce da gashi a warware da nata labarin.

Ba ƙaramin zane ba ne. Malam Ginsai, tsohon da ba a ja da hannunsa, shi ya zana shi a kan siliki, attajiri Jinbei mai katako kuma shi ya sa aka yi. Tun ranar da fure ya buɗe aka rataye shi a gidan shayi don manya su zo su kashe kwarkwatar ido, yau kuma Jinbei zai naɗe kayansa ya kai ɗakin ajiyarsa ya kulle. Wadda aka zana kuwa, Suzunami, ita ce babbar karuwar unguwar gaba ɗaya, macen da attajiri kan yi zarya har takalminsa ya suɗe kafin ta yarda ta ɗaga ido ta dube shi.

Ba a daɗe ana neman ɓarawo ba, don mutanen Yoshiwara ba su taɓa rasa baƙon da za su ɗora wa laifi ba. Duk shekara in sanyi ya wuce, masu lambu daga ƙauyen Somei kan kawo itatuwan sakura da furensu, su dasa su a jere a tsakiyar titi, a kewaye su da shingen gora. In fure ya zube su dawo su tone, su naɗe saiwa da tabarmar karan shinkafa, su mayar ƙauye sai wata shekarar. Kumazo, ɗaya daga cikinsu, shi kaɗai ke aiki a titi tun asuba. Da masu gadin ƙofa suka laluba shi, sai ga igiyar siliki shunayya wadda ake ɗaure zanen da ita a cikin rigarsa. Shi ke nan, aka ɗaure shi tamau a ɗakin gadi. Satar abu mai daraja irin wannan hukuncinta sare kai ne, kuma aka ce da yamma in itatuwa za su fita, a bayansu zai fita zuwa hannun alƙali.

An samu ɓarawo, ba a samu kaya ba. Shi ya sa aka aika kiran Gonroku.

Gonroku maharbin gyado ne a duwatsu kafin gwiwa ta hana shi hawa tudu. Yanzu da shekaru suka ja, bin sawu yake yi wa masu gadi. Unguwar ƙofa ɗaya gare ta, ramin baƙin ruwa ya kewaye ta, kuma macen da aka sayar a cikinta ba ta fita sai wa'adinta ya cika ko an fita da gawarta. Duk da haka wasu kan gudu, shi kuma ya bi su ya komo da su. Bai taɓa dawowa hannu rabbana ba, bai kuma taɓa bugun ƙirji da hakan ba. Matan unguwar in sun hango shi sukan juya masa ƙeya, shi kuma bai ga laifinsu ba.

Ya tarar da Jinbei a gidan shayi yana sharce gumi, kusa da shi Otatsu, magajiyar gidan da Suzunami take, mace mai baki kamar almakashi. Jinbei ya ce shi ɓarawo bai dame shi ba, zanensa yake so kafin rana ta faɗi. Otatsu ta ce a ba ta mai lambun da sanda, kafin shayi ya huce zai faɗi inda ya kai shi. Gonroku ya fita waje. Ya tsaya yana duban ƙasar ƙofar gidan, inda 'yan kallo suka tattake komai kamar an koro garken shanu ta wajen. Ya ce a bar shi ya ga mutumin tukuna.

*

Kumazo ƙato ne, amma yana zaune a ƙasa ya takure, igiya ta ci wuyan hannunsa.

"Baba, na rantse da ran 'yata, ban ma san akwai zane a gidan nan ba. Ni da ko ƙofarsu ba a barina in leƙa?"

"Igiyar fa?"

"Tsintarta na yi."

Wani mai gadi ya kwashe da dariya, ya ce duk ɓarawon da aka taɓa ɗaurewa a ɗakin nan mai sa'ar tsintuwa ne. Gonroku ya dube shi sau ɗaya, mai gadin ya haɗiye dariyarsa.

Kumazo ya ce yana cikin naɗe saiwar wata karkatacciyar itaciya da ke daura da ƙofar gefe ta gidan shayi, yunwa ta kama shi, ya bar tabarmar rabi a buɗe ya fita waje ya ci abinci wajen masu amalanke. Da ya dawo ya ƙarasa ɗaurin, sai ya ga igiyar a gindin itaciyar.

"Na ce 'yata Omitsu za ta ɗaure gashi da ita ranar biki. Kwaɗayi ne, Baba, ba sata ba."

Gonroku ya dubi ƙafafunsa, faffaɗa, yatsu a baje, irin na wanda ya girma a gona. Ya adana su a ransa ya fita.

A waje tsegumi ya riga ya sake alƙibla, don inda baki ya karkata nan yawu kan zuba. Wasu suka ja shi gefe suka ce ya binciki Koito, babbar karuwar gidan da ke tsallake, wadda baƙin ciki ke ci don ba a taɓa zana ta ba. Ya je. Ya tarar an tashe ta da ƙyar, giyar jiya ba ta sake ta ba, kuma gidan gaba ɗaya sun shaida minsharinta tun asuba. Da ta gane abin da ya kawo shi, ta yi hamma ta ce, "In sata zan yi, attajirin zan sace mata, me zan yi da hotonta?"

Sai kuma masu gadi suka tuna cewa Malam Ginsai ya shigo unguwar da sassafe, kuma an ji shi jiya yana cewa gara ya ƙone zanen da a kulle shi a ɗakin ajiya.

*

A kan dakalin wani ɗan wurin bauta da ke kusurwar unguwa Gonroku ya same shi, tsoho ne ɗan tsurut, ya jingina da sandarsa, ga gorar giya a gefe.

"Na faɗa, ban musa ba," in ji Malam Ginsai. "Giya ce ta faɗa, ni kuma da na wartsake ban ƙaryata ta ba."

Ya ce sallama ya zo yi da aikinsa, ya tarar da ƙofar gaba a rufe, ya ɗan tsaya, ya juya. Gonroku ya riga ya ga gurbin sandar a taɓon da ke ƙarƙashin indararo, ta je ƙofa ta komo ba ta ratse ko'ina ba. Ramin sanda zurfi gare shi, tattakawa ba ta shafe shi. Ya san tsohon gaskiya ya faɗa. Amma bai tashi ba, don shi bai taɓa ganin abin da aka sa shi nema ba, irinsa ba su shiga gidan shayi. Ya tambaya me ke cikin zanen da har ake neman sare kan mutum a kansa.

Tsohon ya gyara zama, kamar wanda aka sosa wa inda ke masa ƙaiƙayi.

"Duk wanda ya zana karuwa sai ya tsayar da ita ƙarƙashin sakura. Ka san dalili? Fure ne na 'yan kwanaki. Mai zane ce wa mai kallo yake yi, yi sauri, gobe babu. Talla ce, Gonroku. Shi ya sa suke zana shi cike fal a reshe, ko ɗaya bai faɗi ba, don kada a ce kaya sun kwana."

"Kai fa, Malam?"

"Ni na ji tarinta."

Ya ce yana zana ta tana tari, irin wanda ke fitowa daga can ƙasan ƙirji, sai hannunsa ya ƙi yin ƙarya, ya zana furen yana zuba. Jinbei ya gani ya ce ya yi kyau. Otatsu ta gani, ita tufafin kawai ta duba. Ita Suzunami ce ta daɗe a tsaye a gabansa, sannan ta ce masa, "Malam, ka faɗi gaskiya." Tun da yake zane ba a taɓa biyansa da abin da ya kai wannan ba.

Gonroku ya yi godiya ya miƙe, zuciyarsa ta yi masa nauyi bai san dalili ba.

*

Rana ta raba lokacin da ya koma babban titi. 'Yan kallo sun gaji sun watse. Shekara da shekaru yana unguwar nan idonsa a ƙasa, amma maganar tsohon ta sa yau ya ɗaga kai. Iska ta kaɗa, sauran furen da ke kan rassa ya taso gaba ɗaya, ya cika sararin titi daga wannan bene zuwa wancan, yana saukowa a hankali ba ko motsin ƙara. Ya tsaya baki sake, tsigar jikinsa ta tashi. Ya ji kunyar kansa, ƙaton tsoho yana kallon fure, sannan ya tsallaka shingen gora.

A cikin shingen ba wanda ya taka sai masu aiki. An yi yayyafi da asuba, furen da ya zube ya manne da ƙasa ya zama shimfiɗa. Ga sawun Kumazo nan manya-manya, ya je ya dawo kamar yadda ya faɗa. Daga wajen ƙofar gefe ta gidan shayi kuma ga wani sawu ƙarami, na takalmin ciyawa irin na 'yan aiki. Da a nan abin ya tsaya, da kuyangin unguwar duka sun shiga uku. Amma Gonroku ya tsuguna ya karkata kai yadda haske zai kwanta a kan ƙasar.

Kafin kowace ƙafa ta sauka, sai ta share furen ta gefe, ta yi lanƙwasa kamar jinjirin wata, sannan ta dire. Dama ta yi, hagu ta yi, ba fashi. Lanƙwasar ba ta cika ba, kamar ana hana ta tana ƙwacewa.

'Yar aiki ba ta tafiya haka. Wannan takun manyan karuwai ne, wanda suke yi in sun fito zuwa gidan shayi a kan takalman katako masu tsayin taƙi guda, ƙafa ta kewayo ta waje a hankali tana jan ƙasa sannan a dire ta. Shekaru ake yi ana koyonsa. Mai sawun nan ta sauya takalmi, ta yi sauri, ta yi iya ƙoƙarinta ta taka kamar kowa. Amma tun tana budurwa ba ta taɓa taka wannan titin da wata tafiya ba, ƙafa kuma ba ta san an ce a ɓuya ba. Hali zanen dutse ne. Gonroku ya sha bin sawun barewa a kan dusar ƙanƙara, ya sha bin na gyado a duwatsu, bai taɓa ganin sawu mai kyan wannan ba, har ya ji ba ya son inuwarsa ta faɗa a kai.

Matan da suka iya takun nan ba su cika yatsun hannu ba. Sawun ya je gindin karkatacciyar itaciya ya tsaya, ga gurbin gwiwa biyu inda aka durƙusa. Daga nan ya nufi gidan Otatsu, inda mace ɗaya ce tak ta iya shi.

Gonroku ya shafa tabarmar da aka naɗe saiwar da ita. A ƙarƙashin karan ya ji abu dogo mai tauri. Ya janye hannu da sauri. Ya samu kaya, amma samun ya fi rashin muni. Kumazo ne ya ɗaure tabarmar nan da hannunsa, in aka zaro zanen daga cikinta ko uwar da ta haife shi ba za ta yarda ba shi ya ɓoye ba. Abu ɗaya ne zai tsirar da wuyansa, a faɗi sunan mai sawun. Gonroku kuma ya san abin da ake yi wa macen da ta kunyata magajiyarta. Tuɓe mata ado ake yi a sayar da ita ga rumfunan karuwan araha na bakin ramin ruwa, inda lafiyayya ma ba ta kai labari, balle mai tari.

*

Bai taɓa hawa benen gidan Otatsu ba sai da igiya a hannu. Ya aika neman iso yana zaton za a kore shi, sai aka ce ya shigo.

Suzunami na zaune a bakin taga, ba kwalliya, gashi a sake. Ya sha hango ta daga nesa cikin ado, jama'a na ture juna don su gan ta, bai taɓa zaton in babu ado ta fi kwarjini ba. Ta rame har ƙashin wuyanta ya fito. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da ita.

"Baba Gonroku, wa ta gudu kuma?"

"Ba wadda ta gudu, ranki ya daɗe. Sawu na biyo ya kawo ni."

Ta dubi ƙafafunta.

"Takalmin mai wanke-wanke fa na sa."

"Kin sa. Ƙafar ce ba ki sauya ba."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta duƙunƙune ƙyallen da ta toshe baki da shi ta tura a hannun riga, amma ba a ɓoye wa maharbi jini.

Ba ta yi masa gardama ba. Ta ce tana ƙarama aka kawo ta daga wani ƙauye da ta manta sunansa, sai dai ta tuna akwai rafi. Duk shekara daga tagar nan take kallon itatuwa, a kawo su, a yi ta yabonsu, su zube, a fitar da su.

"Kullum cewa ake mu da su ɗaya ne. Masu zane sun faɗa, mawaƙa sun faɗa. Ƙarya suke, Baba. Su in sun gama gida ake mayar da su. Ni in na gama, a tabarma za a naɗe ni a jefar a bayan haikali. Na ce to, ko wadda ke jikin silikin ta je ta ga ƙauye. In mai lambun ya kwance saiwa ya gan ta, ya rataye ta a bukkarsa, iska ta taɓa ta. Kada ita ma a kulle ta."

"Ba ki tuna da mai kwance saiwar ba."

"Ban tuna ba."

Ta ce ta ji an kama shi. Tun safe take cewa za ta tashi, ƙafafunta sun ƙi. Ta san rumfunan nan, ta san matan da aka kai, ta san yadda aka fito da su. Tsoro take ji, kuma ta faɗa a fili ba ta ɓoye ba.

Gonroku ya ji tausayinta ya kama shi. Amma ya gaya mata da la'asar za a taru a gidan shayi, zai fito da zanen, zai faɗi abin da ƙasa ta gaya masa. Kumazo yana da 'ya tana jiransa a gida.

Ta juya ga taga. Can ta ce, "Da ni ce na gudu da kaina, da ka biyo ni?"

Ya so ya yi mata ƙarya, bakinsa ya ƙi.

"Da na biyo ki, ranki ya daɗe."

"Na gode da ba ka yaudare ni ba. Je ka."

*

Da la'asar aka taru a barandar gidan shayi. Ga Jinbei, ga Otatsu, ga Malam Ginsai da sandarsa, ga shugaban masu gadi, aka kawo Kumazo a ɗaure aka durƙusar da shi a titi. An loda yawancin itatuwa a amalanke, saura karkatacciyar. Suzunami ba ta zo ba.

Gonroku ya sa wuƙa ya yanke ɗaurin saiwar, ya zura hannu ya zaro zanen a naɗe cikin takarda mai maiƙo. Kumazo ya yi wani nishi kamar an soke shi. Jinbei ya fizge kayansa, ya warware a gaban kowa don ya ga ko ƙasa ta ɓata shi.

Wurin ya yi tsit. Suzunami na tsaye a jikin silikin, ta ɗan juya baya, rassan da ke kanta sun kusa zama tsirara. Fure na zuba a kan gashinta, a kan kafaɗarta, a cikin iska, kowanne da inda ya nufa. Shugaban masu gadi, mutumin da bai san taushi ba, ya kai hannu zai kakkaɓe wani da ya zaci daga sama ya faɗo, sai ya ji siliki ne. Ba mai kallo take duba ba, wani abu take hange a can bayan inda zanen ya ƙare. Gonroku, da yake ƙafa ya saba dubawa, ya ga ta ɗaga ɗaya kamar mai shirin tafiya. Bai san ɗan Adam na iya yin abu irin wannan da gashin dabba da ruwan launi ba. Ya ji tsoro-tsoro, irin wanda yakan ji a kan dutse in gari na wayewa.

Jinbei ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya ce ga igiya a rigarsa, ga kaya a ɗaurinsa, me kuma ake jira?

Gonroku ya ce a dakata. Ya faɗi yadda Kumazo ya bar tabarma a buɗe, ya faɗi ƙaramin sawun da ya fito daga ƙofar gefe, ya kwatanta da hannu yadda kowace ƙafa ke share fure kafin ta dire. Bai gama ba fuskar Otatsu ta sauya, don ita ta koyar da takun da sanda.

"Tsufa ya fara taɓa ka, Gonroku. Iska ta kaɗa fure ka ce sawu ne? Ga ɓarawo a gabanku, ku tafi da shi mu huta."

Ita kam gara a sare masu lambu goma da ta rasa itaciyar da take cin 'ya'yanta. Shugaban masu gadi ya ce shi ba a kai wa alƙali lanƙwasar fure, suna yake so. In babu suna, ga amalanke an ɗaura.

Gonroku ya dubi Kumazo. Ya ja numfashi zai faɗa. Sai aka ji ƙarar katako a kan ƙasa daga can saman titi, ɗaya, shiru, sannan ɗaya.

Suzunami ce ta fito cikin cikakken ado, rigunan siliki bisa juna, gashi ya sha tsinkunan ado. Amma babu mai riƙe mata laima, babu kuyangi a gaba, babu baran da ake dafa kafaɗarsa don kada a faɗi. Ita kaɗai ce a kan takalman nan da lafiyayya ma ba ta yarda ta hau ba mataimaki. Ƙafa ta kewayo a hankali, ta share fure, ta dire. Tagogi suka buɗe, mata suka cika barandu, masu amalanke suka cire ƙyallen da suka ɗaura a goshi. Unguwar da ba ta iya rufe baki ko a wajen makoki, yau ba ka jin ko tari. A bayanta lanƙwasar na jeruwa a kan furen, dama da hagu, a idon kowa. Ba a ƙara tambayar Gonroku suna ba.

Ta tsaya a gaban barandar, gumi ya tsattsafo ta cikin hodar fuskarta.

"Ni na ɗauka, ni na sa a saiwar. Mutumin nan bai san komai ba. Ku kwance shi."

Jinbei ya kasa dubanta. Ya ce ba zai kai ƙara ba, ba zai zama abin dariya a Edo ba, amma ƙafarsa ta bar gidan Otatsu har abada. Ya naɗe zanensa ya rungume ya wuce. Malam Ginsai ya bi naɗin da ido har ya ɓace. Otatsu ta matso kusa da ita, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Kin kashe kanki a kan mai tonon ƙasa. Yau ɗin nan a bakin rami za ki kwana."

"Na sani, Inna."

Aka kwance Kumazo. Ya miƙe yana murza wuyan hannu, kowa na jira ya ji irin zagin da zai yi mata, don wini guda ya yi yana shinshinar takobi saboda ita. Sai ya matsa wajen Gonroku ya tambaya me ya kai ta. Gonroku ya gaya masa a taƙaice. Sai Kumazo ya je ya durƙusa a gabanta a cikin taɓo.

"Ranki ya daɗe, karkatacciyar nan tawa ce, ni na rene ta tun tana tsiro. Duk shekara tono ta nake in kawo. Yau in na kai ta gida, a bayan bukkata zan dasa ta. Ba mai ƙara tono ta, ko wa ya aiko."

Ta dubi itaciyar.

"Akwai ruwa kusa?"

"Akwai rafi, ranki ya daɗe."

"To, ka sake ɗaure saiwar da kyau, mun ɓata maka aiki."

Ya ɗaure, aka kama masa aka ɗora ta a amalanken ƙarshe. Gonroku ya riga su zuwa ƙofa, ya ture masu gadi ya wangale ta da kansa har bango, don kada reshe ya karye. Hawaye ya zubo masa, bai share ba, bai kuma damu da wa ya gani ba.

Otatsu na janta tana cewa ta wuce, ita kuwa ta kafe a tsaye a kan katakon tana kallo. Sai da reshe na ƙarshe ya fita ƙofa sannan ta sauko daga takalman, ta bar su a tsakiyar titi, ta bi bayan magajiyarta ƙafa ba takalmi.